An Kwashe Bencin Ɗakin Magani

Mai kwamfutar nan na saman bene shi ya raba marasa lafiya da bencinsu. Ba da hannunsa ya ɗauka ba, amma aikinsa ne, kuma Gwaggo ba ta yi masa kara ba.

Kowane wata Gwaggo takan zo asibiti karɓar maganin hawan jini. Layin ba ya tafiya, kowa ya sani, amma da akwai dogayen bencina, mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ji ciwon na kusa da shi ya gode wa Allah da nasa. Ranar nan ta shigo ta tarar wayam. An jera tukwanen fure a wurin, furen ma na roba, an kafa wani allo a bango. Wata mai goyo ta karanta mata: wai a nan ba a jira, kafin ƙiftawar ido an sallami mutum.

Ta tsaya har gwiwoyinta suka fara kaɗawa. Da ta kai taga ta tambayi mai ba da magani wa ya yi wannan aika-aika. Ya ce shi ba ruwansa, daga sama aka auna. Ta ce a nuna mata saman.

Ta hau benen tana dafa bango tana mita. Ta sami mai kwamfutar a ɗaki mai sanyi, ya kishingiɗa a kujera mai juyawa.

"Kai ne mai awo?"

"Sannu Mama. Wane awo?"

"Wanda ya auna ni ya ce ba na jira."

Ya yi 'yar dariya, ya ga ba ta taya shi ba, ya haɗiye sauran. "Ai ba ke na auna ba, Mama. Manhajar da ake duba sunan mutum da maganinsa na auna. Zo ki gani."

Ya buɗe wani baƙin allo, ba hoto ba komai, sai farin rubutu. Ya rubuta kalma ɗaya, ya bi ta da sunan manhajar, ya danna. Da ta gama, layi uku suka fito.

"Na saman nan lokacin agogo ne," in ji shi, "daga buɗe ta zuwa rufe ta, har da zaman da take yi tana jiran ma'aikaci ya danna. Na ƙasan biyu kuma lokacin da injin ya yi aiki da kansa ne. Ko daƙiƙa bai kai ba."

"Wanne ka kai wa manya?"

Ya sosa ƙeya. "Na ƙasa. Manaja ya ce na saman ba zai yi kyau a taro ba."

"Ina fa zai yi kyau, tunda har hirar mai magani da budurwarsa a waya tana ciki. To ni a wane layi nake?"

"Ke ba ki shiga ba, Mama. Sai kin kai taga ake fara ƙirga."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, injin naka yana da gwiwa?"

"A'a."

"Yana da jiri? An taɓa haifarsa?"

"Mama, ni fa lissafi kawai na miƙa. Har yabo aka yi wa asibitin."

"Madalla. Tashi."

Ya tashi, don dai a haife ta haife shi. Ta zauna daram a kujerar, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa ba, ta dafa tebur ta tura kujerar zuwa bakin tagar ɗakin ta leƙa. Layin ya fito har tsakar gida, wani tsoho ya tsuguna a kan sandarsa.

"Jama'a!" ta ƙwala kira. "Ku hauro, akwai wurin zama a sama! Har da sanyi!"

Ba a jima ba matakala ta cika da tari da jan ƙafa. Masu ciki suka mamaye kujerun baƙi, tsohon ya samu gefen tebur. Mai kwamfuta ya rungume na'urarsa ya maƙale a lungu yana neman Manaja a waya.

"Yawwa, kira shi," in ji Gwaggo. "Ka ce masa nan za mu yi jiran da ba ma yi. Ya fito da ƙafarsa ya faɗa mana a gaban kowa: wa ya sa hannu, kuma ina aka kai mana benci?"