Darasin Bakin Taga

Kowace Laraba da hantsi nake ɗaukar Madam Philomena daga bakin Tashar Jirgin Ƙasa zuwa Sabon Gari. Ma'aikaciyar jinya ce. Tana koya wa mata masu zaman kansu, waɗanda ke shan ƙwaya, yadda za su kula da lafiyarsu. A wani ɗaki a bayan wani shagon gyaran gashi suke haɗuwa. Ni aikina in sauke mata kwalaye, in jira a cikin adaidaitata har a tashi.

Madam ba ta san Kamila, ɗaya daga cikinsu, 'yata ce ba. Shekara biyu ke nan da Kamila ta bar gidanmu na Rijiyar Lemo. Da kaina na nemi aikin nan, don in riƙa ganinta. Nakan tsayar da keken a gindin taga, in sunkuyar da kai. In ta zo shiga sai ta kau da fuska, ni ma in kau. Amma na gan ta tana tafiya da ƙafarta, wannan ya ishe ni kwana bakwai.

Ta tagar nan nake jin darasin duka, har na haddace wasu.

Ran nan na ƙirga mata goma sha ɗaya sun shiga, babu Kamila. Can sai ga Huseina, wadda suke ɗaki ɗaya da ita, ta zo a makare ta zauna kusa da taga. Na ji wadda ke kusa da ita tana tambayarta a hankali, “Ina mutuniyar taki?”

“Barci take. Tiramol ta ɗora wa kodin da safen nan. Minshari kawai take kamar injin niƙa, na girgiza ta har na gaji.”

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Madam tana can gaba tana bayanin gwajin jini, ba ta ji ba.

Sati uku da suka wuce Madam ta ce irin wannan minsharin ba barci ba ne, numfashi ne yake ƙarewa. Huseina ba ta zo ba a ranar. Ni na zo.

Ba a yarda namiji ya shiga ɗakin ba. In na shiga, kowa zai san wane ne ni. Na tashi na ɗaga labulen.

“Malam Sadisu, lafiya? Ka san doka,” in ji Madam.

“Baba ya zo ɗaukar darasi,” wata ta ce. Aka bushe da dariya.

Na ce, “Madam, akwai wadda take minshari tun safe, an tashe ta ta ƙi tashi. Kamila. 'Yata ce.”

Madam ta suri jakarta, ta jawo hannun Huseina, muka hau keken.

Layi uku ne tsakani, amma wata motar kaya ta tare hanya. Muka bar keken muka ruga a ƙafa. Ɗakinsu yana sama. Muka tarar da wata dattijuwa mai share gidan ta tallafo kan Kamila, tana ƙoƙarin buɗe mata baki, gwangwanin madara a hannunta. Leɓunan Kamila sun yi baƙi.

Na riƙe hannun matar. “Gwaggo, kada ki zuba.”

“Madara ce ke karya ƙwaya, kowa ya sani.”

“Ba za ta iya haɗiya ba. Huhu za ta tafi.”

Madam ta dube ni sau ɗaya, ta fasa 'yar kwalba, ta soka wa Kamila allurar karya ƙarfin ƙwaya a cinya. Na juya Kamila ta kwanta ta gefe, na lanƙwashe mata gwiwa, kamar yadda na sha ji ana faɗa. Na sa hannu a haƙarƙarinta. Sai ya ɗaga, sannan ya yi shiru har in ɗauka ya tsaya.

“Minti biyu,” in ji Madam tana duban agogo. Huseina tana kuka a bakin ƙofa. Ni salati kawai nake.

Minti biyu suka cika, babu canji. Madam ta yi mata ta biyu.

Can Kamila ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari, ta fara amai. Ta buɗe ido a kaina.

“Wa ya kira shi?”

“Ba wanda ya kira ni,” na ce.

Madam ta durƙusa. “Allurar nan ba ta daɗewa a jiki, Kamila. In ta sake ki, ƙwayar za ta iya sake danne ki. Asibiti za mu je yanzu.”

“Ba inda za ni. Na san gida zai kai ni.”

Na so in kai ta gida. Shekara biyu ina so. Amma na ce, “Asibiti kawai. In an sallame ki, inda kika ce nan zan sauke ki.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannu, na ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A cikin keke ta jingina da kafaɗar Huseina. Ina tuƙi ina duban numfashinta ta madubi. Madam ta matso kusa da kunnena.

“Tun yaushe kake sauraro?”

“Wata bakwai.”

“To, Laraba ka ƙara matsowa jikin tagar,” in ji ta. “Zan riƙa ɗaga murya.”