Lambun Maman Auta

Duk layin sun san ra'ayin Mai Fotokwafi game da wasa. Ya sha faɗa a bakin shagonsa cewa wanda ya tara furfura ya zauna yana wasa ya ci amanar furfurarsa. Mutum ne mai magana ɗaya, kuma yana alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Matarsa, Maman Auta, ita ke zama gaban kwamfutar shagon tana buga wa mutane takardu. In ciniki ya ɗauke, sai ta buɗe wani ɗan wasa a burauza, manhajar shiga intanet. Lambu ne. Ka shuka, ka tafi harkarka, shuka na girma ko kana nan ko ba ka nan. In kana son ƙarin fili, sai a ba ka guntayen magudanar ruwa a hargitse, ka jujjuya su har ruwa ya kai kowane fangali. Wani mutum ɗaya ne ya ƙirƙire shi a wata ƙasa. Ba talla, ba rajista, ba ya neman komai a wurinka, kuma tsohuwar kwamfutar da ke nishi kafin ta buɗe hoto tana ɗaukarsa ba gardama.

"Ke dai kin samu gonar ragwaye," yakan ce mata.

"To ai ita ce ba ta yi mini faɗa," takan amsa, ba ta ko waiwayo ba.

Da ta rasu, ya tarar da shafin a buɗe. Ya kai hannu zai rufe, sai ya ga kabewa ta nuna. Ya danna ɗaya, ta faɗa kwando. Daga ranar ya zama mai ban-ruwa a ɓoye.

Lambun nata ba shi da tsari ko kaɗan. Magudanan sun karkace, suna zagaye inda ya kamata su miƙe. A kusurwa ta bar wata bishiya da ba ta ba da komai, wataƙila mai wasan ya manta bai ƙarasa ta ba, amma ta ja mata ruwa ta doguwar hanya. A gefen dama akwai sabon fili da ta fara haɗa magudanansa ta bari a rabi. Kallo ɗaya ya yi ya ga inda ta kuskure. Bai taɓa ba. Nan hannunta ya tsaya.

Gaskiya ita ce wasan ya daɗe da ƙarewa. Babu sabuwar shuka, babu sabon abu, kabewar jiya ita ce ta yau. Mai ƙirƙirar ya daina leƙo shafinsa, tambayoyin mutane sun taru a ƙasa ba amsa. Abu ne ƙarami, kuma an yashe shi. Amma da safe, in ya ɗage ƙofar shago ya share gaban shagon, akwai abu ɗaya a duniya da ya yi motsi saboda matarsa. Injin fotokwafi na gurnani, fanka na juyawa, kujerarta na nan da matashin da ya lotsa. In wani ya shigo, sai ya yi maza ya rufe lambun da wata takarda.

Wata rana da hantsi 'yarsu Auta ta zo da mijinta. Surukin nan mai gyaran kwamfuta ne, mutum mai ladabi, ba ya haɗa ido da shi.

"Baba, kwamfutar nan ta fi kunkuru nawa," in ji Auta. "Jiya mai kantin magani ya ce har ya yi gyangyaɗi kafin a buga masa shafi ɗaya. Ga shi na kawo maka likita har gida."

"Tana aiki."

"Haka ka ce da haƙorinka, sai da ya kumbura maka fuska."

Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a bakin kujerar Maman Auta kamar mai tsoron ta karye. Ya duba nan, ya duba can.

"Baba, datti ne ya yi mata yawa. Burauzar ta cika da tarkacen shekaru. In na share, za ta dawo kamar sabuwa. Takardun mutane ba abin da zai same su." Ya nuna fuskar kwamfutar. "Sai dai duk abin da wani shafi ya ajiye a cikinta zai tafi, ba ya dawowa. Akwai wani abu da kake so a bari?"

Mai Fotokwafi ya sani. An rubuta ƙarara a ƙasan wasan cewa lambu yana zaune a burauzar da aka shuka shi ne kawai. Kalma biyu za su wadatar. Amma ga 'yarsa tsaye, wadda ya taɓa karɓe wa waya saboda wasa. Ga suruki, wanda ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Ga mai shayi ya leƙo da kofi yana jiran ya ji abin da zai kai wa layi. Ya buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro.

"Me zan ajiye a ciki?" ya ce. "Ni yaro ne?"

Auta ta yi dariya. "Na faɗa maka. Baba ko hoton kansa ba ya ajiyewa."

Surukin ya danna. Abin bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Kunya ado ce, haka aka koya mana. Amma akwai kunyar da girman kai ne ya sa rigarta, kuma ita mai ita take ci, ba ta cin kowa.

Suka tafi suna murna. Auta ta juyo daga bakin ƙofa ta ce ya zo ya ci abinci wurinsu, ya daina zaman kaɗaici. Ya ce to.

Da layin ya yi shiru da zafin rana, ya buɗe shafin. Shafin ya buɗe nan take, kwamfutar ta warke sarai. Fili ne fetal, ƙasa ja, iri ɗaya a tsakiya, da rubutu yana yi masa barka da zuwa kamar baƙo.

Ya ce a ransa zai mayar da shi yadda yake. Ya shuka irin. Aka ba shi magudanan farko a hargitse. Ya yi ƙoƙarin tuna ta ina nata suka karkace, ta ina ta zagaya da ruwa zuwa kusurwar bishiyar. Ya juya guntu ɗaya, ya juya wani. Hannunsa bai iya karkata ba. Kafin ya ankara ruwa ya bi miƙaƙƙiyar hanya ya cika fangali duka, wasu 'yan taurari suka tarwatse a fuskar kwamfutar, aka rubuta masa: Madalla!

Ya zauna yana kallon magudanan, a miƙe sambal, babu kuskure ko ɗaya. Wata mata ta shigo da takardun makaranta a hannu. Bai rufe shafin ba. Ya tashi ya karɓa.

"Kwafi nawa?" ya ce.