Sunayen Ɗaki Na Tara

Auta dai ba ta iya ganin datti ta ɗauke kai. Ranar da ta tare a gidan kwanan ɗalibai mata na jami'a, ko akwati ba ta buɗe ba ta ɗauko soso da sabulu. Ɗaki na tara aka ba ta, can ƙarshen tsohon gini kusa da ɗakin karatu. Ta wanke taga, ta goge tebur, sai ta buɗe kabad ta tarar da bayan ƙofarsa cike da rubuce-rubuce, wasu da fensir, wasu da biro har sun dishe. Ta ja tsaki, ta dirje shi fes.

A ɗakin cin abinci ta ba da labarin aikinta, tana jiran yabo. Cokula suka tsaya. Shugabar ɗalibai, wata doguwa 'yar ajin ƙarshe, ta yi mata bayani cewa tun da aka gina gidan shekara hamsin da suka wuce, duk wadda ta gama karatu takan rubuta sunanta a kabad ɗin ɗakinta ranar tafiya. Ɗaki na tara kuwa shi aka fara shiga, jerinsa ya fi na kowa tsawo.

Kwana uku ba wadda ta zauna kusa da ita. Ba zagi, gaisuwa kawai ake amsa mata a gajarce. Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, ga shi shekara huɗu ke gabanta a gidan nan.

Ta je wurin Inna mai kula da gidan, wadda ta tsufa a bakin aikin. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ba ta lambobin wayar mata biyu da suka taɓa zama a ɗakin. Kowacce aka kira sai ta ba da lambar wadda ta gada a ɗakin. Auta ta so ta mayar da sunayen da kanta, Inna ta ce a'a, kowa da hannunta.

Ranar Asabar sai ga su, da likita, da malamai, da wata mai gonar kaji, suna ta gardama kan wadda ta fasa madubin ɗakin. Ɗalibai suka cika baranda suna leƙe. Wata tsohuwar alƙaliya, wadda da ita aka buɗe gidan, ta jingine sandarta ta rubuta suna biyu.

"Mama, Inna ta ce kowa nata kaɗai," in ji Auta a hankali.

"Na abokiyar ɗakina ne, 'yata. Ta rasu saura wata biyu mu gama. Shekara arba'in da wani abu ina son in sa mata, doka ta hana, sai da kika share mana wuri."

Da aka zauna cin abincin rana, doguwar shugaba ta matsa gefe, ta bubbuga benci ta ce Auta ta kawo farantinta nan.