Rairayin Suyar Gyaɗa

Shekarar da gwamnati ta yarda ta kafa shato, wato babban tankin ruwa, a Zangon Abarshi, can gefen Alela, sharaɗin bai da wuya a baki. Gwamnati za ta haƙa rijiyar burtsatse, ta kawo inji da bututu da siminti, gari kuma ya tara rairayi da tsakuwa. Garin da bai cika nasa kason ba, a miƙa aikin ga na gaba.

Aka ɗora wa Labo magini tara rairayin. Wa za a ba in ba shi ba? Shekara talatin yana gina rumbuna, ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba. Ya kai masu amalanke ramin da yake ɗibar ƙasa, jar ƙasa mai danƙo wadda in ta kama bango sai dai gatari. Kwana tara suna jigila, har tulin ya fi ɗakin maigari tsawo.

Ran Litinin Mahfuz, injiniyan ruwa, ya zo daga Konni a kan babur. Ya zuba ƙasar cikin kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza. Ruwan ya koma kamar kunu.

"Baba, wagga ƙasa ta rumbu ta," in ji shi a hankali. "Siminti ba ya kama laka. Rairayi mai tsabta nika so, kahin Alhamis. In babu, ba ni iya hana a kai aikin wani gari."

Labo ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya koma gida ya zauna gindin rumbu, ya ƙi fura. Abin da ya fi ci masa rai shi ne duk ƙasar yankin da ya sani mai laka ce, don ita kaɗai ya taɓa nema.

Matarsa Tsahara tana bakin murhu tana suyar gyaɗar da take kaiwa kasuwa. Ita ce kullum take jan guga a rijiya mai zurfin gaba arba'in. Ƙarar ludayi cikin kasko ce ta sa ya ɗaga kai. Ya matso, ya ɗebi rairayin da take suya da shi, ya ƙona yatsa, ya murza. Garas-garas, ba ko ƙura.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. "Tsahara, ina kika samo wanga?"

"Ƙoramar bayan gonar Halilu. Duk mai suyar gyaɗa nan taka zuwa, mai laka baƙanta gyaɗa shikai." Ta ci gaba da juyi. "Da kun tambaya, Malam, da shanu sun huta."

Washegari aka buga gangar gayya. Mata suka shiga gaba da kwanoni a ka, maza na biye da amalanke, ana yi wa Labo waƙar tsiya, shi ma har da amshi. Kwana biyu cur, sabon tuli ya tashi fari fat kusa da jan.

Ran Alhamis gari duka ya kewaye Mahfuz. Ya girgiza kwalbar, ya ɗaga ta sama. Rairayin ya kwanta nan take, ruwan ya tsaya garau har kana ganin fuskar maigari ta ciki.

"Babbar motar siminti na tasowa daga Malbaza mako mai zuwa," in ji shi. Guɗa ta tashi. Sai da ta lafa ya juya wajen Labo. "Baba, kai gwani na. Ina kas samo shi?"

Labo ya gyara hula. Mutumin da bai taɓa yabon aikin kowa ba ya nuna bayan taro da hannu.

"Ba ni na ba. Ga mai aikin can, ta hi ni sani."

Tsahara ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa don dariya.