Murfin Firjin Ma'u

Baturiya, kamar yadda ake kiranta a gida, ta cire kusa ta ƙarshe, ta janye bangon ƙarfen, sai wari ya bugi hancinta. Audugar gilashin da ke cikin bangon injin don tare zafi ta yi baƙi, ta dunƙule, ɓeraye sun yi gida a ciki har sun bar kashinsu.

Tsohon injin sayar da lemo ne, irin wanda ake jefa masa kuɗi kwalba ta faɗo. Ta samo shi a tsakar gidan wani otal da aka rufe a Dogon Dutsi, ta kawo shi rumfarta ta gyaran firji. Motarsa mai haɗa sanyi na aiki, sanyi na hawa. Amma da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, cikin awa ɗaya sanyin ya tsere. Ita kuwa ba lemo za ta zuba ba. Allurar ciwon sukarin Inna Hauwa, mahaifiyarta, ita ke neman wurin zama. A tukunyar ƙasa ake ajiye ta cikin jiƙaƙƙen yashi, har zafin Afirilu ya lalata kwalba guda, Inna ta kwana uku a asibiti.

Kawu Idi, wan Inna, yana zaune a kan benci yana kallo.

"Cusa mishi soson katihwa, ɗiyata. Ina da tsohuwa a gida."

"Soso ruwa yake sha, Kawu. Wata biyu zai ruɓe."

Abdussalamu mai shagon talabijin ya leƙo, ya miƙo farin abin nan maras nauyi da ake tare kaya da shi a kwali. "Wanga hwa? Kyauta na ba ki."

Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta samo gwangwani uku. Ɗaya ta naɗe da soso, ɗaya da farin abin Abdussalamu, na ukun da ɓallin rawayan kumfa mai tauri da ta taɓa ɓamɓarowa daga ƙofar wani mataccen firji. Ta saka ƙanƙara daidai wa daida, ta rufe, ta jera su a rana.

Kafin azahar na soso ya zama ruwa. Da la'asar na biyu ya bi shi. Na ukun da ta girgiza, ƙanƙara ta amsa.

"To, ga amsa," in ji Abdussalamu. "Ina za ki samu mai yawa?"

Ta zaga wurin masu gwangwan neman mataccen firji, aka ce motar Birnin Konni ta kwashe komai ranar kasuwa. Ta kira wani abokin sana'a a Kore Mairuwa, ya ce sai bayan sallah. Ta dawo da ƙura har gwiwa, ta sami Kawu inda ta bar shi.

Akwai firji ɗaya da ta sani, babba, mai murfi a sama. Yana ɗakin Kawu. Na marigayiya Ma'u ne, matarsa, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana sayar da ƙanƙara da shi. Baturiya da kanta ta duba shi bara ta ce bututunsa ya huje a cikin bango, ba ya gyaruwa. Tun rasuwar Ma'u, a ciki Kawu ke ajiye zannuwanta, kuma a kan murfin yake ɗora rediyonsa.

Ta durƙusa a gabansa. "Kawu, ina roƙon firjin Inna Ma'u."

Bai dube ta ba. "Ki yi mi da shi?"

"In yanka, in ciro kumfan da ke jikinsa."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko sallama bai yi ba. Baturiya ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta sa safar hannu, ta ci gaba da kwashe ruɓaɓɓiyar audugar. Ta kankare tsatsa, ta shafa fenti, ta auna kowane bango ta rubuta a jikin ƙarfen da alli. Ko da wane abu za a cika shi, sai an yi wannan.

Washegari, rana ta yi sanyi lokacin da amalanken jaki ya tsaya a bakin rumfar. Firjin na bisa, Kawu na biye da ƙafa. Aka sauke. Ta ɗaga murfin, ciki wayam, sai ƙanshin turaren wuta.

"Ki yanke jikin duka," in ji shi. "Murhin kawai za ki bar mini."

Ta auna kaurin murfin da yatsu. Ya fi ko'ina kauri, kuma faɗinsa daidai da ƙofar injin, inda sanyi ya fi tserewa. Ta tsaya riƙe da zarto, idonta a kan murfin.

Kawu ya ga inda idonta yake. Ya daɗe yana shafa gemu.

"In babu shi, awa nawa zai riƙe?"

"Shida, wataƙila. Da shi, yini guda."

Ya zauna a kan benci, ya juya fuskarsa wajen hanya.

"Fara da murhin," in ji shi, "tun ban sake shawara ba."