Farkon Tallar Akuya

A Bagudo an san ni da wata irin ɗabi'a: ina bin gida-gida ina aron tsofaffin kaset-kaset ɗin biki, amma ba bikin nake kallo ba. Sai in tura kaset can ƙarshe, inda amarya ta shiga ɗaki hoto ya yi rawa, sannan in gyara zama. Har Goggo ta taɓa cewa, "Zakiyya, wanga aiki naki sai ka ce mai sayen tuwo don ƙanzo."

Dalilin kuwa Baba Sambo ne, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa a da. Sabon kaset ya fi ƙarfinsa, sai ya sayo kwali guda na gwanjo daga tsallaken iyaka, wajen Benin. Duk tallar wasan gem ɗaya ce a kansu, da Faransanci. Yakan toshe ɗan ramin da ke jikin kaset, wanda ke hana a ɗauki wani abu a kai, da salatif ya ɗora biki. In biki ya ƙare, ragowar tallar sai ta leƙo: wata akuya mai jan gyale tana tsalle a kan ganguna, tana gudu kamar an kunna mata wuta a wutsiya.

Na kwashe ragowar nan daga kaset goma sha bakwai zuwa kwamfuta, na sa a intanet. Masu tara irin waɗannan tallace-tallace daga ƙasashen da ban san su ba suka yi ta tambayar farkon. Ni ma abin da ya dame ni ke nan. Me akuyar nan take gudu wa? Kowane biki daga farkon kaset yake cinyewa, kuma 'yan Bagudo ba su iya gajeren biki ba. Haushinsu nake ji ƙwarai.

Sai na ji labarin Baba Sambo ya koma Kaoje noman shinkafa, kuma akwai kaset ɗaya da bai taɓa ba. Na ɗaure na'urar bidiyo da kwamfuta a babur na tafi.

Na same shi yana shanya shinkafa. Bayan gaisuwa na faɗi buƙatata, ya dube ni ya daɗe.

"Ɗiyata, mi kika nema ga akuyag ga?"

"Baba, so nake in ga abin da ya koro ta."

Ya shiga ɗaki ya fito da kaset ɗin a naɗe cikin leda biyu. Ramin a buɗe yake, babu salatif. Sai dai ambaliya ta taɓa shiga ɗakin, funfuna ta yi fari a kan zaren. Na san in ya juya sau ɗaya lafiya, to mun gode Allah. Aka tayar da janareto, na sa kaset na danna maɓalli.

Hoto ya yi dishi-dishi, ya washe. Ga akuyata a tsaye cikin lambu, tana cin kabejin wani ƙaton manomi mai gatari. Ashe ɓarauniya ce! Shekara uku ina tausayinta. Na yi dariya har da hawaye, Baba ma ya murmusa. Kwamfuta ta kwashe komai kafin zaren ya tsinke.

Da ma na yi shiru a nan, amma bakina ba ya barin tambaya.

"Baba, ya aka yi wannan kaɗai ya tsira?"

Ya ɗauki kaset ɗin yana share shi da bakin rigarsa.

"Shi ne mafi kyau cikin kwalin. Na aje shi don bikin ɗiyata Rahma. Saura wata biyu, kwale-kwale ya kife da su."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ya matso kusa da kwamfutar.

"Maido ta daga farko," in ji shi. "Ni ma ban taɓa ganin abin da ka ciki ba."