Shawarwarin Janar

A gidansu har yau Auta ake ce mata, ko da yake ta haura arba'in, kuma ita ke riƙe da kemis ɗin bakin titi, jikin shagon yayanta mai gyaran kwamfuta. Yayan ne ma ya jawo mata wasan. Ya kawo mata wata tsohuwar kwamfuta don ta riƙa duba magungunan da wa'adinsu ya kusa cika, sai ya manta bai goge wasan da ke ciki ba. Wasan mulki ne. A ba ka ɗan ƙaramin gari a kan taswira, ka gina rumbuna da ganuwa, ka ƙulla amana da maƙwabta ko ka yaƙe su, shekara guda tana wucewa cikin minti biyar. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana, lokacin da ciniki ke kwantawa, Auta takan ja kujera bayan kanta ta hau mulkinta.

Mako guda ta yi tana riƙe da wani gari a bakin kogi. A shekara ta sittin da ɗaya a lissafin wasan, aka ci garin maƙwabtanta da yaƙi, mutanensu dubu uku suka taru a ƙofarta. Wasan ya tambaye ta, a buɗe ko a rufe? Ta buɗe. Hatsi ya ƙare kafin girbi, abokan gaba suka yi mata zobe, a shekara ta sittin da huɗu garin ya faɗi. Ranar saura kaɗan ta miƙa wa mai tari maganin ciwon ido.

Yaya ne ya ga ta yi jugum, ya gaya mata akwai wani zaure a waya inda masu irin wannan wasa ke rubuta abin da ya same su a ciki, su mayar da shi labari, kuma sukan haɗu Asabar ɗin ƙarshen wata a ɗakin bayan shagonsa. Auta ta zauna ta rubuta shafi goma sha ɗaya. Ba ta bi ta kan sarkin garin ba. Ta sa labarin a bakin wani tsoho mai awon hatsi a babban rumbu, wanda a cikin wasan babu shi ma, lamba ce kawai a kusurwar allo tana raguwa. Ta rubuta yadda ya fara rage mudu ba tare da ya gaya wa kowa ba, da yadda matarsa ta gane, da ranar da ya share ƙasan rumbu da hannunsa. Ta tura a zauren.

Kwana uku bayan nan wani da ake ce wa Janar ya yi nasa rubutun. Janar mai koyar da tuƙin mota ne, shi ya fi kowa daɗewa a zauren, yana da labarai arba'in, kuma duk arba'in ɗin sun ƙare ne yana riƙe da taswira gaba ɗayanta. Ya sa wa rubutun suna "Shawarwari ga mai son mayar da wasansa labari". Ya ce kada mutum ya rubuta wasan da aka ci shi, in an ci ka ka koma inda ka ajiye wasan ka sake, sai ka yi nasara sannan ka ɗauki biro. Ya ce mai karatu sarki yake nema da kwamandan yaƙi, ba wanda ya buɗe waya don ya ji labarin mudu. Ya ce kowane shafi ya zama da yaƙi a ciki. A ƙasa kuma ya liƙa hotunan shafukan Auta, ya kewaye wurare da jan biro, ya rubuta a samansu: "Misalin yadda ba a yi."

Tana tsaye a bayan kanta ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ja ƙofar kemis ta rufe, ta faɗa shagon Yaya, ta same shi ya sunkuya kan wata kwamfuta da ya kwance.

"Yaya, ka ga abin da mutumin nan ya yi mini?"

"Na gani," in ji shi, bai ɗago ba. "Haka yake yi wa kowa."

"Shafukan kowa yake liƙawa a gaban mutum ɗari biyu? Wa ya ba shi izini? Ko sallama bai yi mini ba! Ya kewaye inda tsohon ke share rumbu ya rubuta wai 'babu amfani'. Kwana biyu na yi a kan wannan sakin layin."

"Auta, shawara ce. In ba ta yi miki ba ki bar ta."

"Shawara ake kira ka ce wa mutum ya yi ƙarya? Garina ya faɗi. Ni na buɗe ƙofa, ni na jawo. Wai in koma in gyara, in zo in rubuta cewa na ci. To labarin wa zan rubuta ke nan?"

Yaya ya ajiye sukudireba ya dube ta. Tun tana 'yar shekara shida ya san wannan fuskar.

"Asabar dai kada ki fasa mini kujeru," ya ce.

Ɗakin bayan shagon ƙarami ne, kwalayen tsofaffin kwamfutoci sun cinye rabinsa, fanka tana juyawa tana ƙara. Mutum goma sha biyu suka zo ranar, da ƙarfe uku. Janar ya zauna a kujera ɗaya tilo mai hannu da ke ɗakin, makullin mota a yatsa, ya fara karanta shawarwarinsa da murya irin wadda yake cewa ɗalibi ya taka birki. Auta ta bari sai da ya kai kan maganar mudu.

"Malam, tsaya," ta ce. "Ni ce mai mudun."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ayya, ke ce? To ai taimakonki na yi, 'yar'uwa. Kina da hannun rubutu, wasan ne ba ki iya ba. Wa yake buɗe ƙofa ga mutum dubu uku alhali rumbunsa rabi ne? Da kin rufe, da yanzu kina da labari."

"Ina da labari. Kai ne ba ka so shi ba. Kuma in taimako ne, ga lambata a zauren, me ya hana ka kira ni? Sai ka rataye ni a gaban jama'a kamar wanki?"

Wani ma'aikacin banki da ke gefe ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Dokokin rubutu ne," in ji Janar. "Ba ni na ƙirƙiro su ba."

"Kai ka ƙirƙiro su, ranar Talata, na ga lokacin da ka tura. Labarinka arba'in na karanta bakwai. A duk bakwai ɗin ba wanda ya taɓa jin yunwa, ba wanda ya taɓa yin kuskure sai abokin gaba. Tun shafin farko na san ƙarshe. Na takwas ɗin ina buɗewa barci ya ɗauke ni a kan kanta, sai da wata mata ta ƙwanƙwasa gilashi."

Janar ya daina juya makullin.

Auta ta jawo kwamfutarta daga jaka ta ɗora a kan kwali. "Ga garina nan a shekara ta sittin da ɗaya, mutanen suna ƙofa. Ka ce da na rufe da na tsira. Bismillah, rufe. Sharaɗi ɗaya ne: ba komawa baya. Abin da ya faru shi za ka rubuta."

Ya so ya ce yana da ɗalibi ƙarfe biyar, amma ido ashirin da biyu ne a kansa. Ya gyara zama ya kama linzamin kwamfutar. Ya rufe ƙofar garin, ya ɗaga kai ya yi wa ɗakin murmushi. Shekara ɗaya ta wuce lafiya. A ta biyu, mutanen da ya kora suka shiga rundunar abokan gaba, ta ninka. Ya kwashe sojojinsa duka ya fita da su fili don ya tare su a mashigin kogi. Ma'aikacin bankin ya ce, "Janar, ka bar wasu a ganuwa mana." Janar ya ce ya san abin da yake yi. Minti huɗu aka share rundunar. A shekara ta sittin da uku garin ya faɗi, shekara guda kafin na Auta, rumbunansa cike da hatsi.

Hannunsa ya zarce da kansa zuwa wurin komawa baya. Auta ta sa tafinta ta rufe linzamin.

"Malam, mun yi sharaɗi."

Ya tashi ya ce ɗalibinsa na jira, ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Auta ta ɗauka za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Hotunan shafukanta suna nan a zauren, kuma ba wanda ya ce masa ya cire.

Bayan kwana tara, da rana tsaka, motar koyon tuƙi ta tsaya a ƙofar kemis. Janar ya shigo ya sayi maganin ciwon kai da ba ya buƙata, ya tsaya yana karanta bayan kwalin. Can ya zaro takardu huɗu daga aljihu ya ajiye a kan kanta.

"Na rubuta," ya ce. "Amma ya ƙi tafiya. Ban taɓa rubuta irinsa ba."

Ta karanta a tsaye. Kafin ta kai ƙarshen shafi na biyu ranta ya sake ɓaci.

"Wane ne wannan mai gadin da ya ci amana ya buɗe wa abokan gaba ƙofa? Ina wurin, ba wanda ya buɗe ƙofa. Kai ka kwashe sojoji ka fita da su."

"To ai labari yana buƙatar mugu."

"Ka ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba don kada a ce sarki ya yi wauta? Ko a takarda ba ka jin kunya? Kuma ina mutum dubu ukun? Ko layi ɗaya ba ka ba su ba. Sun tsaya a ƙofarka da 'ya'yansu ka ce a rufe, shekara na zagayowa suka dawo da makami. Labarin ke nan, ka tsallake shi ka tafi ƙirga takubba."

Janar ya jawo takardun gabansa. "To ta ina zan fara?"

"Lokacin da aka ce maka ka bar wasu a ganuwa, me ya sa ka ƙi?"

Ya mayar da idonsa kan kwalaben da ke bayanta. "Mutane na kallona," ya ce a hankali. "Na so a ga na ci a fili."

"To sarkinka ma mutane na kallonsa. Fara daga nan. Ka cire mai gadin, ka bar shi ya ci gaba da gadinsa."

Ya zauna a bencin masu jiran magani, ya ɗora takarda a gwiwa, ya yi ta rubutu yana gogewa har wata tsohuwa mai ciwon ƙafa ta shigo, Auta ta ce masa ya matsa mata.

Labarin ya fito a zauren bayan mako biyu, shafi shida, kuma shi ne na farko cikin nasa da mutane suka yi ta gardama a kai har kwana uku. Wasu suka ce sarkin wawa ne, wasu suka ce su ma abin da za su yi ke nan. Janar ya cire hotunan shafukan Auta, amma haƙuri bai ba ta ba, shawarwarin kuma ya bar su yadda suke, ya ƙara ɗaya a ƙasa: wai yana da kyau marubuci ya gwada rubuta faɗuwarsa ko sau ɗaya, kamar yadda shi ya gano da kansa.

"Da kansa!" in ji Auta, ta tura wa Yaya wayar har gaban hancinsa. "Yaya, karanta ka ji. Wai da kansa ya gano!"

Yaya ya karanta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta karɓe wayarta ta koma kemis tana mita, ta buɗe sabon wasa, aka ba ta wani gari a kan dutse wanda ba shi da rijiya ko ɗaya.